Masu Faɗa, Masu Ɗauka da Masu Ajiya: Tarihin Muryar Hausa a Ƙasar Gana



Tun zamanin Turawa ake jin Hausa a rediyon ƙasar nan. An karanta labarai da ita, an yi sanarwa da ita, an yi wa sojoji da fatake jawabi da ita. To amma in yau yaro ya ce mu jiyar da shi muryar kakansa yana ba da labarin yadda gidansu ya taso daga Salaga, gidaje nawa ne a cikinmu za su iya? Wannan tambaya ce ta sa muka ga ya dace mu bi diddigin wata sana'a mai rassa uku: aikin mai faɗa a rediyo, aikin mai ɗaukar hoton majigi, da aikin mai ajiya. Tarihin ƙasar nan ya nuna cewa duk lokacin da na ukun ya yi barci, wahalar na farko da na biyu takan tafi a banza.

KAFIN AKWATIN REDIYO

Masu masaukinmu Dagombawa sun ɗora ajiyar tarihinsu a wuyan lunsi, makaɗan nan da ke haddace sunayen sarakunan Yendi da kirarinsu, uba ya koya wa ɗa. Mu kuwa da muka zo da fatauci da karatu, rumbunmu alƙalami ne da tawada. Ayarin goro daga Kano da Katsina zuwa Gwanja ya zo da malamai tare da jakuna, kuma Salaga ta zama garin kasuwa da makarantu. Yaƙin basasar da aka yi a can a 1892 ya watsa mazauna garin zuwa Kete Krachi da Yeji da Kintampo da Kumasi. Da Turawan Ingila suka dawo da hedikwatar Arewa daga Gambaga zuwa Tamale a 1907, sai kasuwa ta biyo mulki, mutanenmu suka biyo kasuwa.

A cikin waɗanda wannan yaƙi ya tayar akwai Alhaji Umaru ɗan Abubakar, wanda muka fi sani da Alhaji Umaru Karki. An haife shi a Kano wajen 1858, ya zauna a Salaga, ya koma Kete Krachi inda ya yi limanci, ya rasu a can a 1934. Tun yana matashi ya rubuta littafi da Larabci a kan ƙa'idar rubuta wasiƙa. Ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausa a kan talauci, a kan zuwan Nasara, da kuma a kan annobar murar nan ta 1918. Wani jami'in Jamus mai suna Adam Mischlich, wanda ya yi aiki a Kete Krachi, ya roƙe shi ya rubuta yadda ƙasar Hausa take. Malam ya zauna ya rubuta da ajami: tarihin garuruwa, noma, sana'o'i, ciniki, da zaman jama'a. Abin da mai ɗaukar fim ɗin tarihi yake yi a yau da kyamara, shi ya yi da alƙalami.

Takardun suka tafi Jamus. A 1973 wani ɗalibi a Amurka, Douglas Ferguson, ya yi digirinsa na uku a kansu, sa'an nan a 2000 wani malami ɗan ƙasar Poland, Stanisław Piłaszewicz, ya buga wani sashe nasu a Berlin. Haka nan tatsuniyoyi da karin magana da bayanin al'adu da Malam Shaihu ya rubuta wa R. S. Rattray da ajami a nan Gold Coast, an buga su juzu'i biyu a Oxford a 1913. Mu lura da abu biyu a nan. Rubutun ya tsira domin an sami wanda ya ajiye shi. Amma ɗakin ajiyar yana ƙetaren teku, kuma jikokin masu rubutun sai sun bi ta hannun baƙo kafin su karanta kakanninsu.

ZUWAN REDIYO

Ranar 31 ga Yuli 1935 Gwamna Arnold Hodson ya buɗe tashar da aka kira ZOY a Ankara. Ta waya ake kai sauti zuwa akwatunan da aka kafa a gidajen masu biyan kuɗi, waɗanda a farko ba su wuce kimanin 300 ba, kuma mafi yawan abin da ake ji shirye-shiryen BBC ne daga Landan. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya tilasta wa hukuma ta yi wa talakawa magana da harshen da suke ji. Aka fara da Fanti da Twi da Ga da Ewe, daga bisani aka ƙara Hausa.

Me ya shigar da Hausa cikin wannan sahu, alhali masu ita baƙi ne 'yan tsiraru? Dalilin yana bariki da kasuwa. Tun yaƙin da Ingila ta yi da Tonawa a 1873 zuwa 1874 ake kiran dakarun baƙar fata na wannan gaɓa da sunan Hausa, ko da yake akwai ƙabilu da dama a cikinsu, kuma Hausa ta zama harshen umarni a soja da 'yan sanda. Sojojin Gold Coast da suka je Gabashin Afirka da Bama, da yawansu 'yan Arewa ne, da Hausa suke fahimtar juna. A zango kuwa, Bamoshe da Bazabarme da Bawangare da Bafulatani da ita suke ciniki. Wanda ya yi magana da Hausa ya yi magana da al'ummai goma a lokaci guda.

Bayan 'yancin kai ta riƙe matsayinta. Gidan rediyon ƙasa, wanda ya zama GBC, ya tsaya a kan harsunan gida shida: Akan, Dagbani, Ewe, Ga, Nzema da Hausa. A 1961 Kwame Nkrumah ya buɗe sashen watsa shiri zuwa ƙasashen waje, da Turanci da Faransanci da Larabci da harshen Fotugal da Swahili da Hausa, domin ya isar da kiran haɗin kan Afirka. Ke nan akwai lokacin da Bahaushen Maraɗi ko na Zariya zai murɗa akwatinsa ya ji Hausa daga Ankara. A waje ma haka aka yi ta buɗewa: BBC ta fara sashen Hausa ranar 13 ga Maris 1957, mako guda bayan 'yancin Gana, da muryar Aminu Abdullahi Malumfashi. Rediyon Kaduna ya biyo a 1962, Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979.

Aikin mai faɗa ya wuce zaƙin murya. Labari yakan zo masa da Turanci, saura ɗan lokaci a shiga ɗakin watsawa, shi ne zai juya shi zuwa Hausar da mai sayar da goro a Aboabo zai gane ba tare da an maimaita masa ba. In abin sabo ne, dole a raɗa masa suna. Ta bakin ma'aikatan rediyo ne lafuzza irin su Majalisar Ɗinkin Duniya da jirgi mai saukar ungulu da yaƙin cacar baka suka bazu har suka zauna daram. Mai faɗa a Gana kuma yana da ƙarin nauyi, domin yana tsakanin Hausar littafi ta Kano da Hausar da aka haifa a zangunanmu, mai nata lafazi da nata kalmomi. In ya karkata can a ce yana ƙaƙale, in ya karkata nan a ce ya ɓata harshe.

Sai dai magana zarar bunu ce. Abin da aka faɗa kai tsaye ya bi iska, kuma a zamanin da zaren ɗaukar murya yake da tsada, gidajen rediyo a ko'ina cikin duniya, har BBC, sukan goge tsohon shiri su ɗauki sabo a kansa. Da haka muryoyi masu yawa suka wuce ba su bar sawu ba.

MAJIGI DA MASU RIƘE KYAMARA

A ƙarshen shekarun 1940 hukumar mulkin mallaka ta kafa sashen shirya fim na Gold Coast. Motocin majigi suna zagaya garuruwa, a kafa farin ƙyalle a fili bayan magariba, tafinta ya riƙe makirfo yana fassara wa jama'a hoton tsafta ko noma ko biyan haraji. Daga wannan sashe fim ɗin The Boy Kumasenu ya fito a 1952.

A daidai wannan lokaci wani Bafaranshe, Jean Rouch, ya biyo 'yan ci-rani daga Nijar zuwa Kumasi da Ankara da kyamararsa. Fim ɗinsa Jaguar, wanda ya ɗauka a tsakiyar shekarun 1950 aka fitar a 1967, ya nuna Damouré Zika da abokansa biyu suna neman kuɗi a kasuwanni da tashar jiragen ruwa. Wanda yake son ganin kamannin rayuwar baƙin Arewa a wancan zamani zai same su a ciki. Amma ɗayan fim ɗin nasa na 1955, Les Maîtres fous, a kan 'yan borin da ake kira Hauka, ya jawo fushin ɗaliban Afirka da suka kalle shi a Paris, kuma hukumar Gold Coast ta hana nuna shi. Mai riƙe kyamara shi ke zaɓen abin da duniya za ta gani. Al'ummar da ba ta da nata mai ɗauka, da idon wani za a san ta.

A cikin 'yan ƙasa da suka koyi aikin a wancan sashe akwai Chris Hesse, haifaffen 1932, wanda ya zama mai ɗaukar hoton Nkrumah yana bin sa gida da waje. Bayan juyin mulkin 24 ga Fabrairu 1966, sababbin masu iko suka juya wa duk abin da ke ɗauke da hoton Nkrumah baya, aka lalata da yawa. A 1989 gobara ta cinye ɗakin ajiyar fina-finai na GBC. A 1996 aka sayar da kashi 70 cikin ɗari na kamfanin fim na ƙasa ga wani kamfani na Malesiya, tsofaffin faya-fayai kuma suka shiga halin ko in kula. Abin da ya tsira shi ne asalin zaren fim da aka riƙa aikawa Landan domin wankewa, aka bar shi can a ajiye. Hesse ya shafe shekarun tsufansa yana bin gwamnati bayan gwamnati a kan kada a bar wannan ajiya ta salwanta, a mayar da ita cikin kwamfuta a dawo da ita gida. Mutum ɗaya ya fara da ɗauka ya ƙare da gadin abin da ya ɗauka, domin ya ga da idonsa yadda aikin shekaru yake zama toka a dare ɗaya.

A ƙasar Hausa ma an ga irin haka. Adamu Halilu ya shirya fim ɗin Shaihu Umar a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Hausa tsantsa. Shekaru masu yawa ana ɗaukar fim ɗin ya ɓace, sai a 2016 aka gano zarensa a ma'ajiyar hukumar fim ta Najeriya. Wata cibiya a Berlin ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na birnin a 2018. In fim ɗin da aka ɗauko daga littafin Firayim Minista zai iya kwana cikin ƙura shekara arba'in, me za mu ce game da kaset ɗin da ke ƙarƙashin gadon tsohuwa a Dabokpa? In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

MASU AJIYA

Reshe na uku ba shi da suna a bakin jama'a, domin ba a jin muryar mai shi, ba a ganin fuskarsa. Da aka kafa Cibiyar Nazarin Afirka a Jami'ar Legon a farkon shekarun 1960, ƙarƙashin Thomas Hodgkin, Ivor Wilks ya jagoranci tattara rubuce-rubucen Larabci da ajami. Ƙafar wannan aiki Alhaji Usmanu Boyo ne, wanda ya bi gari gari yana sallama a ƙofar malamai. Tsarin da suka bi abin koyi ne: a ari littafi, a ɗauki hotonsa, a mayar wa mai shi da abinsa. Da wannan amana aka tara ɗaruruwan rubuce-rubuce, cikinsu har da waƙoƙin Alhaji Umaru Karki. Malamai sun buɗe akwatunansu ne domin wanda ya zo nasu ne, ya san yadda ake durƙusawa a gaida malami, kuma abin da ya ara ya dawo.

Ta ɓangaren sauti, J. H. Kwabena Nketia ya fara yawon ɗaukar kiɗa da waƙa a sassan ƙasar nan tun farkon shekarun 1950, kuma ma'ajiyar sauti ta wannan cibiya yanzu sunansa take ɗauke da shi. A Kano, Paul Lovejoy ya zauna da tsofaffin fataken goro a 1969 da 1970 ya ɗauki bayaninsu, daga ciki littafinsa Caravans of Kola ya fito a 1980. Ya riski mutanen da suka taka hanyar Gwanja da ƙafarsu a ƙarshen kwanakinsu. Da ya makara shekara goma, da ya tarar da kaburbura.

A shekarar da yake wannan aiki, mu a nan muna cikin tashin hankali. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su fita. Zanguna suka girgiza, gidaje suka rabu, wanda aka haifa a nan ya hau mota zuwa ƙasar da bai taɓa gani ba. Mai gudu ba ya ɗaukar akwatin takardu sai in ya rage wuri bayan yara da tukwane. Wannan rana tana cikin manyan ranakun tarihinmu, kuma waɗanda suka gan ta da hankalinsu yanzu sun haura saba'in.

Daga baya an yi ƙoƙari. Tun 2008 aka shiga mayar da tsofaffin faya-fayan garmaho na GBC cikin kwamfuta da taimakon Jamus. A nan Tamale, ma'ajiyar takardun gwamnati ta sami tallafin Laburaren Birtaniya aka ɗauki hoton tsofaffin takardun mulkin Arewa. Ɗan garin nan, Ibrahim Mahama, ya buɗe cibiyar fasaha ta Savannah a 2019 da Red Clay a 2020, inda ya tara tsofaffin jiragen sama da taragun jirgin ƙasa yara suna zuwa gani. Ya nuna cewa ba dole sai a Ankara ko a Turai ake gina ɗakin ajiya ba.

ABIN DA YA RAGE MANA

Tun da aka saki tashoshin rediyo masu zaman kansu a tsakiyar shekarun 1990, Tamale ta cika da muryoyi: Radio Savannah, Diamond FM, Radio Justice, Zaa Radio da sauransu. Dagbani ke gaba, kuma haka ya dace, garin masu shi ne. Mu 'yan tsiraru ba wanda zai ajiye mana tarihinmu bisa kuskure. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Dukiyar tana nan a gidajenmu: kaset-kaset na tafsirin malaman da suka riga mu, bidiyon naɗin sarauta da na aure, wasiƙun da sarakunan zango suka yi musaya da fadar Dagomba da ofishin Turawa, hotunan alhazan da suka tafi ta ƙasa, da allunan da aka gada. Zafin bazara da ƙurar hunturu suna cin zaren kaset, injinan kunna shi kuma suna ƙarewa a kasuwa. Wayar hannu tana faɗawa ruwa, ana sace ta. WhatsApp yana rage ingancin abin da aka tura, shafin Facebook kuma haya muke a cikinsa.

Saboda haka muke kira ga matasanmu, maza da mata, su ɗauki wannan aiki da tsari. Wanda zai zauna da dattijo ya nemi izninsa tukuna, ya gaya masa inda maganar za ta je. A farkon ɗauka a faɗi sunan mai magana da gari da kwanan wata, domin murya marar suna rabin shaida ce. A tambaye shi daga ina gidansu ya taso, wa ya sauke su, a wace unguwa. A tambaye shi aikin madugu da na jagaba a cikin ayari, yadda ake ɗaure huhun goro, da dalilin da ya sa ƙwarya take nufin goro ɗari. A je wa iyayenmu mata, domin waƙoƙin daka da na niƙa da na kai amarya suna bakinsu, kuma injin niƙa ya riga ya kashe lokacin da ake yin su. A bar kowa ya yi Hausarsa yadda ya tashi da ita. Kada a gyara wa tsohuwa lafazi ya koma na Kano, domin Hausar zango ita kanta tarihi ce, a cikinta ake jin sawun duk al'ummar da muka zauna da ita. Abin da aka ɗauka a yi masa kwafi uku a wurare uku, ɗaya a hannun iyalin mai magana. Abin da aka ara kuwa a mayar, yadda Alhaji Usmanu Boyo ya yi.

Ga iyaye kuma muna da magana. In yaro ya ce zai karanci aikin jarida ko ɗaukar fim, kada a ce ya zaɓi wasa. Makarantar koyon aikin jarida ta Gana tana nan tun 1959, ta koyon fim da talabijin tun 1978, yanzu an haɗa su ƙarƙashin jami'a ɗaya. Yaron zango da ya yi allo yana shiga wannan fage da jarin da abokan karatunsa ba su da shi: yana karanta ajami, yana jin Hausa da Dagbani da Turanci, kuma ƙofar dattawa a buɗe take gare shi. Irin wannan mutum ne cibiyoyin bincike suke nema su ɗauka tafinta. Lokaci ya yi da zai zama shi ne mai aikin, sunansa a kan bangon littafin.

Hukumar UNESCO ta ware 27 ga Oktoba ta kowace shekara domin tunawa da gadon sauti da hoto. Muna ba da shawara kowane gida a Dabokpa da Hausa Zango ya sa wa kansa wannan rana ta zama wa'adi: kafin ta zagayo, a ɗauki muryar mafi tsufa a gidan, ko da ta sa'a guda ce, a rubuta sunansa a kai, a kai kwafi ɗaya zauren mai unguwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma gida hamsin in kowa ya kawo sa'a guda, an kafa ma'ajiya.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ƙara wa dattawanmu lafiya da nisan kwana. Wanda yake da tsohon kaset ko takarda ko hoto, ya sanar da mu a ƙarƙashin wannan rubutu, za a zo har gida a gani.